Ƙarfe ya kama da wuta a tukunyar narki ya ƙona yarona: a zuba wa ƙunar ruwa ko kar a zuba?

Baban Zubi, Kaduna

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman wanda ya san aikin asibiti, ko wanda ya san halin ƙarfe, ya raba min gardama.

Sana'ata zuban tukwanen dalma, gado na yi. Muna sayen tarkacen alminiyam a hannun 'yan jari-bola, fistin ne, gwangwanin lemo ne, murfin inji ne, mu farfasa mu narka mu zuba. Cikin makon nan ɗan yayata da ke koyon aiki a hannuna ya jefa wani ɓallin giyabos a tukunyar narki. A ido ba abin da ya raba shi da sauran tarkacen. Bai gama narkewa ba sai gefen da ke sama ya kama da wuta, wata irin wuta fara fat wadda ido ba ya iya kallo, ga farin hayaƙi yana tashi. Tunda nake wannan sana'a ban taɓa ganin dalma ta ci da wuta haka ba. Wani maƙwabcinmu, da niyyar taimako, ya suri buta ya watsa mata ruwa. Ji kawai muka yi fau, ƙarfe ya tarwatse. Ya samu yaron a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ɗigo-ɗigo, wani guda kuma ya faɗo masa a saman ƙafa, ga shi silifas ne a ƙafarsa. Da yashin gini da aka jibge a gefen rumfa muka samu muka binne wutar.

Na ja yaron zan kai shi bakin famfo, sai dattijon da ya koya min aiki ya tare ni, ya ce ba ka ga abin da ruwa ya yi yanzu-yanzu ba, so kake ka ƙarasa shi? Ba na iya musu da shi, balle a gaban yara. Aka shafa masa baƙin mai, aka kai shi kemis, suka goge sama-sama suka shafa shuɗin maganin nan, suka ba shi kafso da maganin ciwo.

A daren ranar bai yi barci ba. Idanunsa suka yi jawur suna zubar da ruwa, yana cewa an zuba masa yashi a ciki, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Waɗannan biyun sun lafa. Abin da ke damuna yanzu shi ne hannun da ƙafar. Na hannun ƙananan ramuka ne, amma maimakon su bushe sai ƙara faɗi suke, wasu sun kumbura, akwai baƙin ɗigo a tsakiyarsu. Na ƙafar kuwa fari ne, ya yi tauri, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, kuma yaron ya ce ko kaɗan ba ya masa ciwo. Uwarsa ta ce alhamdulillahi na ƙafar da sauƙi. Ni dai hankalina bai kwanta da shi ba.

To wa ke da gaskiya, ni da na so zuba ruwa ko dattijo? Wane irin ƙarfe ne wannan? Kuma a ci gaba da wanki a kemis ko a wuce asibiti?

Malama Nas, Zariya

Wa alaikumus salam. Baba, sannu, Allah Ya ba shi lafiya. Zan fara da na ƙarshen don shi ne na gaggawa: a kai shi asibitin da ke da likitocin ƙuna da dashen fata, yau ba gobe ba. Daga Kaduna Shika ba nisa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano kuma akwai asibitin ƙashi na Dala, suna da sashen ƙuna.

Hankalinka da bai kwanta da ƙafar ba, yana da dalili. Ƙunar da ke yin bororo, take ja, take zugi, wannan ta tsaya a saman fata, jijiyoyin da ke jin ciwo suna nan da ransu. Wadda ta yi fari ko ta yi baƙi, ta bushe ta yi tauri, aka taɓa ba a ji, ta cinye kaurin fatar gaba ɗaya har da jijiyoyin. Rashin ciwon nan shi ne mugun labarin. Saman ƙafa kuma fatarsa siririya ce, igiyoyin da ke ɗaga yatsu suna kwance dab da ita. Narkakken ƙarfe ba ya gangarewa ya wuce yadda ruwan zafi ke yi, zama yake a wuri ɗaya yana cin naman har ya huce, shi ya sa bakin ciwon ƙarami amma zurfinsa ba kaɗan ba. Irin wannan sau da yawa sai an yanke matacciyar fatar an ɗebo wata siririya daga cinya an dasa. Idan aka bar ta tana jiran warkewa da kanta, za ta ɗauki makonni, ta yi mugunya, in ta haɗe kuma tabon ya janye yatsun sama har takalmi ya gagara. Ƙa'idar da muke bi, ƙunar da ba ta da alamar rufewa cikin mako biyu zuwa uku, dashe take so. Kuma duk ƙunar da ke fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura ta asibiti ce ko da ƙarama ce.

Baƙaƙen ɗigon hannun kuwa, da alama ɓurɓushin ƙarfen ne ya maƙale. Daga yadda ka siffanta wutar, maganiziyam ne. Idan ya zauna a cikin nama yana haɗuwa da ruwan jiki a hankali, yana fitar da wani sinadari mai cin nama da 'yar iska, shi ya sa ramin ke faɗaɗa, wani lokacin har ka ji wurin na ƙaras-ƙaras in an danna. Magani ko kafso ba sa narkar da shi. Sai an yi allurar kashe zafi a wurin an tsince shi ɗaya bayan ɗaya, an kankare, an wanke. Don Allah kar a sa allura ko reza a gida a ce za a tono.

Maganar ruwa kuwa, kai da dattijo kowa ya riƙe rabi. Ƙarfen da ke ci da wuta, ba a zuba masa ruwa, nan dattijo ya yi daidai. Amma fatar mutum ba tukunyar narki ba ce. Abin da ake yi: a janye shi daga wurin, a kaɓe ko a tsince duk ƙarfen da ake gani a jiki da awartaki ko busasshen ƙyalle, a cire riga in ba ta manne ba, a cire zobe da agogo kafin kumburi, sannan a sake masa ruwa mai yawa, mai gudu, na minti 20. Yawan shi ne sirrin. Ɗan yayyafin buta zai iya tada guntun da ya rage, amma famfo a buɗe ko bokiti bayan bokiti zai kwashe shi ya tafi da zafin kafin ya yi ɓarna. Ruwan famfo ko na randa, ban da ƙanƙara, don ƙanƙara na tsuke hanyoyin jini ta ƙara kashe naman. Sanyayawar tana da amfani har zuwa awa 3 bayan ƙunar. Daga nan a rufe da ledar naɗe abinci ko tsaftataccen ƙyalle a tafi.

Baƙin mai, makilin, ɗanyen ƙwai, ƙullun koko, gishiri, duk muna ganinsu, kuma duk aiki suke ƙara mana, don sai mun goge su a kan ɗanyen ciwo mai shi na ihu. Shuɗin nan ma rufe mana launin ciwon yake, ba ma iya gane zurfinsa.

Idon da zazzaɓin daren farko sun dace da labarin. Hasken wutar yana ƙona saman ƙwayar ido irin yadda walda ke yi, yana bayyana bayan awa 6 zuwa 12, ya warke cikin kwana biyu ko uku. Hayaƙin kuma in an shaƙa yana kawo zazzaɓi mai kama da mura da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in zazzaɓi ya dawo yanzu, wannan ba na hayaƙi ba ne, ciwon ne ya kamu. Ka tambaye su allurar tetanos in ba a yi masa ba.

Malamin Kimiyya, Funtuwa

Malam, Allah Ya sawwaƙe. Malama ta gama da ɓangaren jiki, bari in ɗan taɓa ƙarfen, don gobe ma wani ɓallin zai zo maka a buhu.

Maganiziyam da alminiyam wajen narkewa kusan tare suke, shi a digiri 650, alminiyam a 660, shi ya sa ba ka gane shi a tukunya sai ya makara. Bambancin, shi idan ya narke iska na taɓa shi kamawa yake, kuma wutarsa na kaiwa wajen digiri 3000. A wannan zafin ruwa ba ya kashe shi, fasa ruwan yake ya ƙwace iskar oksijin da ke ciki ya ci gaba da ci, ya saki haidirojin, ita kuma ta fashe. Ƙari a kan haka, ruwa in ya shiga ƙarƙashin kowane narkakken ƙarfe nan take yake zama tururi ya yi wurgi da shi, wannan ka fi ni sani. Abubuwa biyun ne suka haɗu a butar maƙwabcinku. Tukunyar kashe gobara mai iskar kabon ma ba ta yi, don yana ci a cikinta.

Kar ku ga laifin mutumin da yawa, waɗanda aikinsu ke nan sun taɓa yin haka. A tseren motoci na Le Mans a Faransa, ranar 11 ga Yuni 1955, motar Mercedes ta Pierre Levegh ta yi tsalle ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. Jikin motar da gaurayen maganiziyam aka ƙera shi. Masu ceto suka sa mata ruwa, wutar ta ƙara tashi, ta yi awanni tana ci. A yaƙin duniya na biyu ma ƙananan bama-baman gobara masu kilo ɗaya da Jamus ta zuba wa Coventry a Ingila a Nuwamban 1940 da shi aka yi jikinsu, abin da ya sa gidaje suke ajiye bokitin yashi.

Yashin ma da sharaɗi: busasshe ƙamas. Allah Ya taimake ku na gini kuka ɗebo. Ƙasar zubinku da danshi kuke kwaɓa ta, da ita kuka watsa da an sake jin wani fau. Ka ware bokiti guda mai murfi, ka cika shi da busasshen yashi ko busasshen gishiri, a zuba a hankali daga gefe har a rufe wutar, a bar ta ta huce da kanta, kar a tona.

Gane shi kafin ya shiga tukunya ba wuya. In girmansu ɗaya, nauyinsa kusan kashi biyu cikin uku ne na alminiyam. Ka sa magagari ka goge gefe har ya yi haske, ka ɗiga ruwan khal. In ya yi kumfa, maganiziyam ne, ware shi. Alminiyam ba ya motsi. Inda aka fi samunsa: gidan inji da giyabos na tsohuwar Volkswagen Beetle, jikin injin yankan itace, ƙashin sitiyarin wasu motoci, da jikin wasu kwamfutocin cinya.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Malama, saboda malamai 'yan'uwana da ke karantawa. Akwai ƙarafan da maganar dattijo ta hau kansu ɗari bisa ɗari ko a kan fata: sodiyam da fotasiyam da litiyam, irin waɗanda muke ajiyewa cikin mai a ɗakin gwaji. Su ba sa jiran zafi, ruwan sanyi ko gumin hannu ya ishe su ɗaukar zafi, wani lokacin har su kama, su bar sinadari mai cin nama irin sodar sabulu. In guntu ya faɗa a jikin ɗalibi, man farafin ake zubawa a rufe shi, a tsince da matsefata busasshiya, sai an tabbata ba saura sannan a sake ruwa, a daɗe ana wankewa.

Baban Zubi, Kaduna

Malama, Malam, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa uwarsa, ta yarda, muna shirin tafiya. Kakarsa ta aiko da zuma ta ce a riƙa shafawa, ko ya halatta? Sannan wani yaron shagon ya ce wutar nan ita ce irin wadda ake nunawa a labarai tana zubowa daga sama a Gaza. Haka ne? In haka ne ai abin ya fi ƙarfin tsoro.

Mai Atin, Abuja

Maigida, sannu da jinya. Ni aikina ɗaure wayar ƙasa a turakun sabis da tashoshin wuta, kuma da ɗan'uwan wannan wutar muke aiki kullum. Wata hoda ce ake zubawa a ɗan akwatin zubi, a kunna, cikin daƙiƙu ta zama narkakken jan ƙarfe ta haɗe waya da sanda. Asalinta tamait, wadda wani Bajamushe Hans Goldschmidt ya yi wa rajista a 1895, irin wadda ake haɗa layin dogo da ita, zafinta na kaiwa wajen digiri 2500. Ita tata ta fi taku taurin kai, don iskarta a cikinta take, ko ka binne ta da yashi sai ta gama cinta. Yashin tare ta kawai yake kar ta bazu.

Amma a jiki ba ta da rikicin maganiziyam. Kafin ka ce wayyo ta gama, abin da ya rage a fata ɗigon ƙarfe ne da kashinsa. Kaɓe, ruwa, asibiti. Zurfin dai ba a magana.

Ni inda zan ɗan matsa maka shi ne silifas. Yaro a bakin tukunyar narki da silifas, maigida? A wurinmu duk wanda na ga ya ƙone, a ƙafa ne ko a wuyan hannu. Takalmin fata mai rufi, wanda ake zarewa da sauri ba mai igiya ba, wando kuma ya sauko ya rufe bakinsa, kar a cusa wandon a ciki, don in ɗigo ya faɗa cikin takalmi kafin ka kwance igiya ya gama da kai. Rigar ƙwallo da yaran nan ke so ita ma a hana, roba ce, narkewa take ta manne da fata. Auduga mai kauri ta fi. Mu kafin mu zuba hoda sai mun gasa akwatin da wuta ya bushe, musamman da damina, don ɗigon raɓa ɗaya ya isa ya tofo maka ƙarfe a fuska. Tarkacenku da ya kwana a waje ma haka ya kamata a riƙa ɗumama shi a gefen wuta kafin a jefa.

Malama Nas, Zariya

Baba, ka gaya wa yaron shagon ba ita ba ce. Wadda ake nunawa tana zubowa da farin hayaƙi mai yatsu-yatsu farar fosforas ce. An yi amfani da ita a Falluja ta Iraƙi a 2004, da Gaza a 2009, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun tattara shaidar amfani da ita a kudancin Labanan a 2023. Ita ba ƙarfe ba ce, kama take da kakin zuma, tana warin tafarnuwa, kuma ba ta bukatar ashana: iska ta taɓa ta a zafin da bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba, ta kama. Zafin jikin mutum ya wuce haka. Shi ya sa a gaɓar tekun Baltik a Jamus, inda ragowar bama-baman yaƙin duniya ke fitowa, mutane kan tsinci guntunta suna zaton dutsen ado ne, su sa a aljihu, tana bushewa ta kama musu a cinya.

Jinyarta kusan kishiyar ta sodiyam ɗin da Malam ya faɗa ce. Ita ruwa ne ke riƙe ta. Ana tuɓe kayan, a yi ta zuba ruwan sanyi, a rufe da jiƙaƙƙen bandeji, kuma ba a bari ya bushe har a isa ɗakin tiyata, don in ya bushe guntun da ke cikin nama zai sake kamawa, ko bayan awanni. Ruwan ɗumi ba ya yi, tana narkewa a digiri 44 ta ƙara bazuwa. Ana kashe fitila a haska wata fitila ta musamman, guntayen su yi ƙyalli, a tsince su da ƙarfe a jefa cikin kwanon ruwa. Mai kuwa, kowane iri, basilin ko man shafawa, haramun ne a kanta, saboda tana narkewa a cikin mai ta bi shi ta shiga jini. Da can ana wanke ciwon da ruwan wani shuɗin gishirin jan ƙarfe don guntayen su yi baƙi a gan su, aka daina saboda yana farfasa ƙwayoyin jini ya lalata ƙoda. Babban haɗarinta ma ba a fata yake ba. Tana kayar da kalsiyam na jini, bugun zuciya ya rikice, tana taɓa hanta da ƙoda, har mutum ya mutu da ƙunar da ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jikinsa ba. Maganiziyam ba ya wannan. Da zarar an tsince shi an wanke, ta ɗanka ta koma ƙunar zafi irin wadda muka saba.

Don ka samu natsuwa, ka auna da tafin hannunsa shi kansa, har da yatsu: kowane tafi ɗaya kusan kashi 1 cikin ɗari ne na fatarsa. Ƙarin ruwa mai yawa da ake yi wa masu ƙuna sai ta haura wajen kashi 15 a babba, kashi 10 a yaro. Yadda ka faɗa, nasa bai kusa nan ba. Matsalarsa zurfi ne da wurin da take.

Zumar Kaka kuwa, kar a mayar mata, a yi mata godiya. Zuma tsaftatacciya na taimaka wa ƙunar da ta tsaya a sama, har asibiti ana amfani da irinta da aka tace. Amma ba ta raya fatar da ta mutu, ba ta fitar da ƙarfe daga rami, kuma in aka shafa kafin likita ya gani sai an sake gogewa. A dama masa a kunu ya sha. Jikin mai ƙuna na cin abinci fiye da na mai lafiya, a dage da ƙwai, wake, kifi, nono da gyaɗa. A hanya ya ɗora ƙafar a kan wani abu, kar ta yi ta reto, hannun ma a ɗage. Ku tafi da kwalin duk maganin da aka ba shi a kemis, in kuma akwai ragowar ɓallin da bai shiga tukunya ba, ka saka guntu a leda ka nuna wa likitan.